Rasuwar Baturiya a Hawan Ƙarfi

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da gajiya, ni Lauratu ta gidan Baba Dogo a ƙasar Gozaki nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗarsa ya tura, cewa motar gidanmu ta rasu. Ita ce akori-kurar nan mai ruwan toka, mai ƙofa ɗaure da igiyar rama, wadda kowa daga Kafur har tashar Funtuwa ya sani da suna Baturiya. Ta cika ranar kasuwar Malumfashi da ta wuce, da hantsi, a hawan da ke gaban Ƙarfi, tana ɗauke da audugar gidanmu ta bana, bayan doguwar jinya wadda ta cinye ta, ta kusa haɗawa da mu.

Labarin ya same ni a masussuka wajen la'asar, ina shiƙar dawa. Na ɗaga kai na hango maƙwabciyata Dorkas, wadda ta bi motar da safe za ta kai daddawarta kasuwa, tana dawowa a ƙasa, ƙwarya a ka, gefen zaninta duk baƙin mai. Ko sannu ba ta yi mini ba. Ta iso ta ajiye ɗan dutsen niƙana a gabana, ta nemi wuri ta zauna. Dutsen nan na ba da aronsa na yini ɗaya a shekarar da aka sayi motar, don a tokare tayarta idan ta tsaya, kuma tun daga ranar bai sake kwana a ɗakina ba. Da na gan shi ban tambayi komai ba. Na san ba zai dawo gida tana da rai ba.

Da Dorkas ta sha ruwa ta ba ni yadda aka yi. Ta ce sun kama hawan lafiya, Baturiya na nishinta na kullum, gur-gur-gur, har sun kai rabi. Sai ta yi tari, ta sake yi, sannan wani abu ya fashe a cikinta kamar an saki tukunya a kan dutse. Baƙin mai ya malalo a hanya. Ta ɗan ja da baya kamar mai neman wurin zama, aka sa mata dutse, ta tsaya. Dorkas ta ce bayan haka ba ta sake cewa komai ba, sai wani ɗan tsss daga gaba, shi ma ya ɗauke. Auduga sai jakunan mutanen Ƙarfi ne suka ƙarasa da ita, Allah ya saka musu.

Na san akwai masu cewa ba a yi wa ƙarfe makoki. Liman ma ya aiko mini cewa kada in sa addu'ar mamaci a wannan takarda, kuma na ji, ban sa ba. Amma ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, abin da na iya rubutawa shi ne abin da na gani, kuma na ga gidan da aka yi rashi. Gidanmu haka yake yanzu.

Marigayiyar haifaffiyar Ingila ce. Ta zo ƙasar nan tana yarinya, ta yi ƙuruciyarta a hannun wani Bature mai aikin auduga a Funtuwa, shi ya sa muke kiranta Baturiya. A shekarar da aka samu 'yancin kai, da Baturen zai koma gida, maigidana Malam ya saye ta. Ko a lokacin ta manyanta. Amma ranar da ta shigo ƙauyenmu mata sun yi guɗa, tsofaffi sun fito da sanduna suna zagaya ta, har wani ya cire takalmi kafin ya leƙa cikinta. Malam ya zauna a bayan sitiyari yana matsa oda, fam-fam, fam-fam, kajin unguwa suka kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Malam bai daɗe da ita ba. Damina biyu ya yi yana tuƙa ta, Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Sitiyarin ya koma hannun ɗana na fari, wanda ba zan rubuta sunansa ba, kamar yadda ban taɓa faɗinsa ba. Kun san shi. A nan zan ce Mai Sitiyari.

Ba zan ɓoye alherinta ba, don tana da shi. Ta kai gyaɗa da auduga da dawa inda jaki zai yi yini bai kai ba. Ba ta taɓa tambayar addinin kowa ba: ta ɗauki masu zuwa Maulidi, ta ɗauki 'yan coci da gangunansu ranar Kirsimeti, ta ɗauki tulunan bukin Maguzawan bayan rafi ba ta zubar da ko ɗaya ba. Da naƙudar Dorkas ta zo da gardama, ita ce ta kai ta ɗakin shan magani, kuma ranar, ikon Allah, murɗawa ɗaya aka yi mata ta tashi, abin da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma sake yi ba. Ita ta ɗauki Malam zuwa asibiti, ita ta dawo da shi. Har yau idan na tuna yadda ta shigo gari a hankali ranar nan, ba tari, ba oda, sai in rasa abin cewa. Saboda wannan ne na yi mata haƙurin da ban yi wa ɗan Adam ba.

Amma marigayiyar tana da hali, kuma tunda yau ake faɗin gaskiya, zan faɗa. Ba ta tashi sai an roƙe ta. Ba ta kwana a fili sai a kan tudu, fuskarta na kallon gangare, don haka aka rushe rumbuna na gero da ke tudun ƙofar gida aka ba ta wurin. Idan gangare bai tashe ta ba sai a zura mata ƙarfen nan a gaba a yi ta murɗawa, tana cewa ƙyar-ƙyar-ƙyar, tuf. Ƙyar-ƙyar-ƙyar, tuf. Idan ta ga dama sai ta mayar da ƙarfen da ƙarfi, kamar jaki ya yi harbi. Haka ta karya wa Malam wuyan hannu, ya rasu hannun bai miƙe daidai ba. Daga nan aka gane idan an zuba mata ruwan zafi a lagireto da safe takan sassauta, ba ta cika harbi ba. To ni ce mai dafa ruwan. Tun Malam na da rai har ranar da ta cika, tukunyar farko da nake ɗorawa bayan sallar asuba tata ce. Kafin koko, kafin ruwan wankan jikoki, sai Baturiya ta sha.

Ciwon ajalinta ya fara da yoyo. Lagireto ya tsage, aka zo ɗakina aka karɓi taba gari, wai tana toshe rami. Da taba ta gaza aka karɓi ƙwan zabina. Da ƙwai ya gaza aka karɓi garin kuka, har na yi mako ina kaɗa miya da kuɓewa busasshiya, ita tana shan kuka. Tankin mai ya huje, aka liƙe da sabuluna. Fambel, igiyar robar nan ta inji, ya tsinke a hanyar Kafur, aka yaga bakin zanina na fita biki aka tufka. Ƙofa ta daina rufuwa, aka kwance igiyar gugana. Duk wanda ya leƙa cikin injin nan zai ga rabin ɗakina a ciki. Birki ya tafi tuntuni, ya bar wa ɗan dutsena aikinsa. Fitila ɗaya ta makance. Idan ana ruwa, wanda ke gaba ya fi wanda ke baya jiƙewa. Mutanen da ke hanyarmu sun koyi shiga gona idan sun ji muryarta daga nesa, ba don tsoron ta buge su ba, don kada a ce su tura.

Likitanta shi ne Buba bakanike na bayan tashar Funtuwa, mutum mai fara'a da haƙoran goro. Ban taɓa jin ya ce wa wani ciwo babba ba. Duk abin da aka kai masa, sai ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu, ya ce ɗan abu kaɗan ne, idan aka canja wannan ta zama amarya. An canja fulogi, ta zama amarya ta kwana uku. An canja kafireto. An canja batir. An sauke kan inji an mayar, aka samu ragowar ƙusoshi a ƙwarya, Buba ya ce Turawa ne ke da almubazzaranci, ba a bukatarsu. Gyaɗar bara ta tafi gareji. Tumakina sun bi ta. Rufin kwanon da Malam ya yi niyyar yi wa zaure yana cikin cikin Baturiya, shi da ɗinkin sallar yara. Ba ta taɓa ƙoshi ba, ba ta kuma taɓa warkewa ba. Kullum saura kaɗan.

Masu tambaya za su ce, to me ya hana ku rabu da ita tun tana da sauran daraja? Tambayar daidai ce, kuma amsarta ita ce dalilin wannan takarda.

Shekaru biyu da suka wuce, Alhaji Bature mai sayen gyaɗa a Malumfashi ya so ya karɓi Baturiya, a cika masa da amfanin gona, ya ba mu wata akori-kura da ba ta kai ta tsufa ba, mai tashi da makulli. Na ji labarin a bakin rijiya, na dawo gida ina gode wa Allah a zuciyata. Amma ni da Mai Sitiyari ba ma zama mu yi shawara. Ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin matar Baba Dogo, yayan mahaifinsa, can ya girma. Da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ya tashi. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar, kuma ban ga aibinsa ba. Idan akwai magana, autata Zainabu ke kaiwa ta kawo.

To ya aiko Zainabu ta tambaye ni ra'ayina a kan musayar. Ina bakin murhu, itacen ɗanye ne, hayaƙi ya cika mini ido. Na ba da amsar da kowace uwa mai kunya za ta bayar a kan al'amarin ɗanta na fari: na ce abin mahaifinsa ne, ya yi yadda ya ga ya dace. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce wa ɗan fari yi kaza? Ai ya ji daɗin da ke cikin muryata, in ji ni. Zainabu ta je ta faɗa masa kalma da kalma, ba ta rage ba, amma ta ƙara da cewa na faɗa ina share hawaye. Washegari aka ce wa Alhaji Bature a yi haƙuri. Ni kuma da na ji an fasa, sai na ce a raina yaron nan ba zai iya rabuwa da kujerar ubansa ba, ba ni ce zan raba shi da ita ba. Na ci gaba da dafa ruwa. Baba Dogo, wanda shi ne babban gandu, kalma ɗaya tasa ta isa ta yanke maganar, shi ma ya kama bakinsa, don kada a ce ya sayar da gadon marayun ƙaninsa. Bayan haka Zainabu ta yi aure, ta tafi, aka rasa mai kai magana gaba ɗaya. Gida guda, manya uku, kowa na zagin mota a ɓoye, kowa na ciyar da ita don ɗan'uwansa.

Ban san haka abin yake ba sai kwana biyu bayan rasuwar. Baba Dogo ya sa aka kira ni zaure, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya daɗe yana gyaran murya. Sannan ya ce Buba ya samo injin wata mota da ta faɗa rafi, ya ce idan aka ɗora wa Baturiya ta zama amarya. Ya ce babu abin da ya rage a gidan da zai sayi inji sai bijiman huɗa, kuma Mai Sitiyari ya yanke zai kai su kasuwa da safe. Ya ce ya so ya hana, amma yaron ya ce masa ba zai iya ganin uwarsa ta fito da tukunyar ruwan zafi ta tarar da tudu wayam ba. Ya ce duk shekarun nan don ni yake gyara.

Jama'a, ku yi mini hukunci. Bijiman nan su ne gonar. Baƙi da Goje, waɗanda Malam ya hora da hannunsa mai karaya, su ne suke ja mana garma, su ne suka sa muka bar fartanya muke noma abin da za a ɗora wa mota tun farko. A sayar da masu kawo kaya don a raya mai ɗaukar kaya, sannan ta ɗauki me? Kuma wai don ni. Ni da na rasa rumbu da tumaki da zani da kuka. Na fito daga zauren nan ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, sai na je na daka barkonon da ba a bukata.

Da gari ya waye na ji motsi a turke. Na leƙa na ga Mai Sitiyari yana kwance igiyar Baƙi. Babu Zainabu, Baba Dogo ya tafi masallaci bai dawo ba, kuma na san da gangan ya daɗe. Na fita. Na je na kama igiyar ta wajen wuyan sa, shi yana riƙe da ɗaya bakin. Ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ban kalle shi ba, sa na kalla.

Na ce, "Baƙi, gaya wa mai igiyarka ba inda za ka. Gaya masa motar nan ta mutu, kuma ni na gaji da ita tun ubansa na da rai."

Baƙi ya fara lasar hannuna. Can Mai Sitiyari ma ya yi wa san magana, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Baƙi, tambaye ta. Hawayen da Zainabu ta gani fa?"

Na ce, "Itace ne ɗanye."

Ya ce, "To ruwan zafin fa, kullum, kullum?"

A nan ne na saki igiyar. Na juya na dubi fuskarsa, kuma rabon da in dube ta sosai tun yana goye. Ashe furfura ta fara fito masa a gefen kunne, ban sani ba.

Na ce, "Don hannunka ne. Na ga abin da ta yi wa na ubanka."

Ya mayar da igiyar ya ɗaure a turke, ya ɗaure ta da kyau, ya sake dubawa, ya zuba musu harawa. Ni na koma ɗaki. Ba mu sake magana ba, kuma ba na jin za mu sake nan kusa. Wannan ɗin ma ya ishe ni nauyi.

Da a nan maganar ta ƙare da ban wahalar da kaina da rubutu ba. Amma Buba bai haƙura ba. Ya aiko sau biyu cewa injin yana nan, wai suma ta yi, ba mutuwa ba. Kuma na san ɗana. Jiya na hango shi a bakin tudu yana juya ƙarfen murɗawa a hannu kamar mai tunanin wani abu. Shekarun da ya yi a ƙarƙashin motar nan sun fi waɗanda ya yi a cikinta, irin wannan sabo ba ya fita rana ɗaya. Shi ya sa nake sanarwa, a karanta a tashar Funtuwa da ta Malumfashi da kasuwar Kafur, kowa ya ji. Wanda aka yi wa gaisuwarsa ba a tayar da shi. Ina roƙon duk wanda ya gamu da Mai Sitiyari ya tsayar da shi ya yi masa ta'aziyya sosai, a gaban mutane, ya ce masa ya haƙuri. Wanda kuma ya gamu da Buba ya yi masa sau biyu, don shi ne ya fi kowa rashi.

Marigayiyar ta rasu ta bar Mai Sitiyari, da hannayensa biyu lafiya, alhamdu lillahi. Ta bar Baba Dogo, wanda ya samu bakin magana bayan an gama. Ta bar Buba da iyalinsa, waɗanda ta ɗauki nauyinsu shekara da shekaru ba ta taɓa gori ba. Ta bar yaron Dorkas da ta kai aka haifa, wanda har yau idan ya ji oda sai ya fito da gudu. Ta bar tayoyi huɗu, babu biyu masu kama da juna, da ƙwaryar ƙusoshin da Turawa suka yi almubazzarancinsu. Ta bar majiya ƙarfi da yawa tsakanin Gozaki da Funtuwa masu ciwon baya. Ta bar Baƙi da Goje, waɗanda ba su san irin ƙetaren da suka yi ba. Ta bar ni.

Game da wadda za ta maye gurbinta, kada kowa ya yi mana gaggawa. Motar Alhaji Bature ta daɗe da shiga wani hannu, na gan ta da idona tana wuce mu a hanya muna turi. Amma Alhajin yana neman direba don babbar motarsa ta gyaɗa, kuma Baba Dogo ya je ya yi magana. Mai Sitiyari zai tuƙa ta wani, bijimai su yi huɗa, auduga ta tsaya a gida ta huta da zuwa gareji. Idan Allah ya tara mana abin saye, za a sayi mai tashi da makulli. Kuma a wannan karon idan aka tashi tambayata, a zo lokacin da ba na bakin murhu.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar mai zuwa da hantsi, Baƙi da Goje za su je hawan Ƙarfi su jawo gawar zuwa gida. Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya tura, ta sha turi a duniya. Za a sauke ta a gindin tsamiyar maƙera, ba a kan tudu ba, don tudun nan na karɓi abina, rumbu zai koma. Labo maƙeri shi ne zai yi mata sutura. Ƙafafun baya da ƙarfen da ya haɗa su za a yi amalanke da su, bijimai su ja, don haka za ta ci gaba da zuwa kasuwa, a hankali, ba mai ba ruwa. Sifirin ɗinta, faffaɗan ƙarafan nan na ƙarƙashi, da su za a ƙera fartanyoyi da wuƙaƙe. Tayoyin gaba na masu yankan takalma ne. Kujerar da Malam ya zauna za a kai zaure. Oda ta yaron Dorkas ce, uwarsa ta yi haƙuri da ni. Injin kuwa, a ba Buba kyauta, da sharaɗin kada ya dawo da ko ƙusa ɗaya. Ƙarfen murɗawa na ce a kawo mini, ni zan ajiye shi inda ba mai gani.

Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Baba Dogo bayan an sauke ta, maza a zaure, mata a cikin gida. Za a dama kunu, za a yi tuwo da miyar kuka, tunda yanzu kukar tamu ce. Musulmi da Kirista da mutanen bayan rafi duk ana gayyata, yadda ta ɗauke ku ba bambanci. Kada a zo da kayan gyara. Kada a zo da labarin wani bakanike a Zariya mai tayar da matattu. Wanda ya zo da irin wannan ba za a ba shi kunu ba.

Ɗan dutsena ya koma kan uwarsa, sai dai har yanzu garin yana ɗan warin mai, jikoki na ƙorafi. Ni kuma, don kada in ɓoye muku, kullum bayan sallar asuba hannuna babbar tukunyar nan yake fara ɗauka. Sai ta tafasa nake tunawa. Na rasa yadda zan yi da ruwan, zubarwa asara ce. Don haka nakan juye shi a bokiti, in sirka, in kai ƙofar ɗakin Mai Sitiyari in ajiye, in buga bokitin sau ɗaya da ƙafa, in wuce. Ban tsaya na gani ba, amma da hantsi nakan tarar da shi a bakin murhu, an ɗauraye, an kife.